Motar Labbo: Shekara Ashirin da Biyu da Rasuwar Mahaifina

Da bazarar nan mahaifina, Madugu Labbo, ya cika shekara ashirin da biyu a ƙasa. Allah ya jiƙansa. Kullum addu'a nake yi in yi shiru, amma bana shirun ya ishe ni. A Illela yau in keke ya ƙi tafiya, ko jaki ya tirje a tsakiyar kasuwa, sai ka ji wani ya ce "motar Labbo ke nan", a kwashe da dariya. Yaran da aka haifa jiya ma sun iya faɗa. Sunan mutumin kirki ya zama abin tsokanar jaki, kuma yawancin masu dariyar ba su san ko wane ne ba.

To, bari in gaya musu. Tun kafin Turawa su kafa dutsen iyaka tsakaninmu da Ƙonni, Baba yake jan ayarin jakai daga Sakkwato zuwa Tawa. Ya kai goro da tufafi, ya sauko da gishiri da kanwa. Bai tara dukiya mai yawa ba. Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: duk wanda ya bi ayarinsa sai ya koma wa iyalinsa. An yi masa fashi, an yi masa asarar kaya, amma bai taɓa barin mutum a hanya ba. Yana kuma da ƙa'idarsa ta sayen dabba. Ba ya kallon jaki mai sheƙi wanda bai taɓa fita gari ba. Sai ya shafa bayan dabba ya ji tabon akumari, sannan ya taya, domin a wurinsa wanda ya sha tafiya ya dawo shi ne abin dogara. Duk fataken zamaninsa haka suke saye, kuma ba su yi kuskure ba.

Da aka share hanyar mota, 'yan kasuwa suka fara gudun ayari. Baba ya ga mutanensa suna shiga hannun direbobin da ba su san su ba, sai ya ce shi ma zai sayi mota ya riƙa kai su da kansa. Na raka shi Sakkwato, wurin wani kamfanin masu sayen fata da zai rabu da tsohuwar motarsa ta kaya. An shafe ta da koren fenti har kan tayoyi. Tambaya ɗaya Baba ya yi wa akawun kamfanin.

"Ta yi tahiya?"

Akawun ya dube shi, ya gane irin mutumin da ke gabansa. Ya buɗe ƙofa, ya nuna masa wani agogo mai jerin lambobi a gaban direba.

"Baba, wannan shi ke ƙirga tafiyarta. Da Makka ta nufa, da ta je ta dawo ba sau ɗaya ba."

Fuskar Baba ta washe. "Madalla. Wagga ta san hanya."

Har gobe in na tuna murmushin akawun nan raina ɓaci yake yi. Da ƙarya ya yi masa, da na ce halin dillalai ne. Gaskiya ya faɗa, yana sane sarai cewa tsohon ya ɗauki aibin motar a matsayin yabo, ya bar shi a haka. Ni kuwa a lokacin ban san mota ba sai daga nesa, na taya Baba murna.

Wata biyu ta yi tana tafiya lafiya, daga nan ta fara nuna shekarunta. Yau sifirin ɗin da ke ɗauke da nauyinta ya karye, gobe burki, jibi injin ya ɗauki tari kamar mai ciwon ƙirji. Babu makaniki a Illela, sai an aika Sakkwato. Ƙarfen da za a sa kuma sai an yi saƙonsa Kano, ya hau jirgin ƙasa, ya sauka, ya jira wata motar. Kowane gyara da jaki ake biyansa, wani lokaci biyu. Garken da Baba ya yi rayuwarsa yana tarawa ya riƙa raguwa a idonmu. Inna ta taɓa leƙowa zaure ta ce masa, "Malam, dabbag ga taka ba ta cin ciyawa, jakkai taka ci." Ya yi dariya, amma ban ga dariyar ta kai cikinsa ba.

Masu cewa wauta ce ta hana shi jefar da ita ba su san abin da ya cinye shi ba. Sauran masu motoci in ta lalace a daji, direba ya shiga inuwa, fasinja kowa ya san ta kansa. Baba ba ya iya wannan. Shi zai ciyar da mutane, ya nemo raƙuman haya a Tozai ko Lafani su kai su gida da kayansu, duk daga aljihunsa. Gyaran motar ya ci rabin garken, riƙon mutane ya ci sauran.

Ranar ƙarshe, tsakiyar bazara ce, sun baro Gwadabawa da mota cike da maza da mata. Lagireto, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya injin, ya tsage. Direba ya yi ta karɓar salkunan fasinjoji yana ɗura mata, yana cewa saura kaɗan a isa. Ta shanye ruwan kaf, sannan ta mutu. Turawa da suka ja hanyar nan miƙe suka ja ta, ba ruwansu da inda rijiyoyi suke. A cikin motar duka, Baba kaɗai ya san akwai rijiyar Fulani can yamma, kan tsohuwar hanyar ayari. Ya saɓa salka biyu ya tafi da rana tsaka, tsoho mai furfura. Da la'asar ya dawo tare da wani makiyayi da takarkari ɗauke da ruwa. Ya tsaya sai da kowa ya sha, sannan ya kai bakinsa. Bai gama ba ya zube. A bayan takarkarin nan aka kawo mana shi, bai kwana uku ba ya rasu.

Ina tunanin abin da zai ce da ya ga tasharmu ta yau. Tun da aka gama yaƙin duniya ake kwararo mana motocin da soja suka gama gajiyar da su, a shafa fenti, a rubuta addu'a a goshi. Yanzu da mutane suka gane agogon nan, sai 'yan kamfani suka koyi mayar da shi baya. Samari suna sayar da fadamun iyayensu a Kalmalo suna saye, kafin shekara ta zagayo motar na kan duwatsu a bayan gida, kaji na ƙwai a ciki. Waɗannan sun san karatu, sun san mota, an kuma cuce su kamar yadda aka cuci Baba. Su ba wanda ya mayar da sunansu abin dariya. Kuma har yau in mota ta mutu a daji, ban ji labarin mai ita ya tafi neman wa fasinja ruwa ba.

Ranar kasuwar da ta wuce ina tsaye a rumfar Alhaji Nomau, wanda yanzu yake da motoci nasa na kansa. Yana saurayi mai tallan goro yana cikin motar nan a ranar da na faɗa. Wani amalanke ya karye a gabanmu, sai na ji Alhaji ya ce, "Kai, motar Labbo!" Yaransa suka bushe da dariya. Na juya gare shi.

"Alhaji, mi kac ce?"

"Wasa ne, Malam. Magana ce ta gari."

"Na jiya. Amma hwaɗa ma yaran ga, ranar da tam mutu bayan Gwadabawa, ruwan wa kash sha?"

Ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Ban san ko zan iya cire maganar nan daga bakin mutanen Illela ba, ta riga ta zauna. Jakan sun tafi, motar maƙera sun yanka ta tuntuni. Abin da ya rage na Baba mutanen da ya shayar ne, suna yawo a kasuwa da ƙafafunsu, wasu har da jikoki. Duk wanda ya hau motar nan a ranar ya koma wa iyalinsa lafiya, ban da mai ita.