Ban Shafe Rubutun Motar Gawa Ba

Motocina biyu ne a shekarar 2013: motar asibiti fara ƙirar Faransa, da motar ɗaukar gawa baƙa ƙirar Jamus, wadda ta girmi ɗana na fari. Aikina tuƙa ma'aikatan jakadanci ne a unguwar Mohandessin, amma waɗannan biyun nawa ne, kuma ba haya nake yi da su ba. Ina ajiye su a garejin wani dattijo Bamisre a wani lungu a Giza. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci sai in je in tayar da su, in goge su, in zauna ina kallo.

Baƙar ita ce ta fi kwanta mini a rai. Bayanta katako ne sassaƙaƙƙe, kuma a gefenta biyu an rubuta ayar da ke tuna wa mutum mutuwa, da hannu, da ruwan zinare. Akwai wurin da hannun mai rubutun ya ɗan yi rawa. Nan na fi kallo.

Ɗalibai 'yan ƙasarmu sukan tsokane ni. Wani ya taɓa ce mini, "Baba, ranar da ka tashi tafiya wa zai tuƙa ka?" Na ce masa ba dai shi ba, don giyarta a jikin sitiyari take, kafin ya gano ta an gama jana'iza.

Wata Juma'a mai garejin ya kawo mini shayi da kansa, abin da bai saba ba. Ya ce zai aurar da 'yarsa, a garejin za a jera kujeru, kuma uwar ango ta leƙo ta ga baƙar motar har ta dafe ƙirji. Na ce sai in fitar da ita kwana biyu in dawo da ita. Ya ce a'a, amarya da ango a saman garejin za su zauna, ba za su riƙa kwana a kan motar gawa ba.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Hajj," ya ce. "Ka bi rubutun nan da fenti, ka cire katakon, khalas, shi ke nan. Ta zama mota irin ta kowa, ta zauna har abada."

Shi bai sani ba, na taɓa yin haka. Motar gawa ta farko da na mallaka, tun ina da ƙarfi, dangin matata suka yi ta yi mini dariya har na ji kunya. Na sayo shuɗin fenti na bi ta kaf da hannuna, na ɓalle katakon na ba mai gasa masara ya hura wuta. Na ce zan riƙa ɗaukar kayan miya da ita. Masu kayan miya suka gane ta duk da fentin, suka ƙi. Ta ƙare a wurin masu yanka ƙarfe. Ba wanda ya tilasta ni. Ni na yi, don kada a yi mini dariya, kuma dariyar ba ta tsaya ba.

Na ajiye kofin na ce masa, "Hajj, garejinka ne, ka ce in fita zan fita. Amma rubutun nan ba zan taɓa shi ba."

Matata ta ce in yi haƙuri, a garin mutane muke, kuma samun gareji a Giza ba wasa ba ne. Gaskiya ta faɗa. Na ji ta, ban sake shawara ba.

Inda na yi kuskure shi ne ranar da na zaɓa. Mai garejin ya ba ni mako guda cur in fitar da ita, amma zuciya ta sa na bari sai safiyar bikin, ana sauke kujeru ana rataya fitilu masu launi. Na fito da baƙar a hankali, na ratsa lungun. Maza suka tsaya suna ɗaga yatsa suna kalmar shahada kamar yadda suka saba in gawa ta wuce. Wata mata a bene ta fara guɗa ta haɗiye ta. Yarinyar da ake aurarwa ba ta yi mini komai ba, kuma na ɓata mata safiyarta. Na je neman gafara bayan kwana uku, uban ya karɓi gaisuwata a tsaye. Ya ce in kwashe farar ma.

Na samu wani fili can ƙarshen gari, ba rufi, sai tampol da na saya. Daga gidana sai na hau ƙananan bas biyu kafin in isa, kuma rana ta fara cin katakon, sai na riƙa shafa masa mai. Matata ta tambaye ni ko yanzu hankalina ya kwanta. Na ce mata game da safiyar bikin bai kwanta ba, kuma ba na jin zai kwanta. Game da fentin kuwa, ko yau aka sake kawo mini shayin nan, amsar da na bayar ita zan bayar.