Ƙofar Zaurenmu Ta Shiga Kiɗa

"A'uzubillahi! Sani, me ke gurnani a ɗakinka?"

Inna ce tsaye da rana tsaka, ludayi a hannu. Matar da ke kashe kunama da silifas!

Sati uku ina haɗa kiɗan ban tsoro a kwamfuta, abokaina na kasuwa suna cewa ko kaza ba za ta razana da shi ba. Sai na naɗi kukan ƙofar zaurenmu a waya, na rage masa sauri, na ɗora ganga mai nauyi.

"Inna, ƙofar zaure ce fa."

"To ɗan nema, tashi ka sa mata mai."

Wallahi sai na gama aikina tukuna. Ga kiɗan, ku saurara: gabanku ya faɗi, ko na Inna ne kawai?