Gorar Inna Rohiton

A tsibirinmu na tsakiyar kogin Jamuna ba mai son ganin Inna Rohiton da gora a kafaɗa. 'Yar tsohuwa ce mai faɗan tsiya, amma ita ke tsara mana kwashe gidaje idan kogi ya fara cin gaɓa.

Tsarinta ba yawa. Takan kafa gora tsakanin ruwa da gidan da ya fi kusa. Ranar da gorar ta faɗi a fara kwance gida, ba taro, ba "bari mu ga gobe". Kowa da aikinsa ɗaya: masu cire kwano, masu tumɓuke ginshiƙai, masu kai shanu jirgi. Ka saki naka ka kama na wani, ka sha zagi har kakanninka. Kullum gargaɗinta, kada ka gina abin da ba za ka iya kwancewa ba.

Sai ga ɗanta Joynal ya dawo daga leburanci a Dhaka, ya zuba duk guminsa ya gina mata ɗakin bulo. Wallahi har ni na taya shi murna.

Bana da damina gorar ƙofar ɗakin ta faɗi. Kana jin ƙasa na ɓallewa, tim, tim, kamar ana jefa buhuna a ruwa. Joynal ya tare maza yana roƙo a zo a jera buhunan yashi.

"Inna, wuni ɗaya kawai! Ki ba ni su wuni ɗaya!"

"Bayan ɗakin nan gidan Moyna ne, da marayunta. Nata yana ɗaukuwa, naka ba ya ɗaukuwa." Ta juyo kanmu. "Ku kuma kallo kuka zo? Ku wuce gidan Moyna!"

"Don ke fa na gina shi!"

"Na sani, ɗan nan. Ciro ƙofar, ita kaɗai za ta bi mu."

Muka wuce, kanmu a ƙasa. Kafin la'asar gidan Moyna yana cikin jirgi. Ɗakin bulo kuwa ya tsage, ya durƙusa, ruwa ya rufe shi. Na ga Inna tana share ido da gefen zanenta, tausayi ya kama ni ƙwarai.

Joynal ya koma Dhaka bai yi mata sallama ba. Ƙofar tana nan jingine a bukkarta.

Yau da safe na fito alwala, na tarar da Inna a bayan gidana tana kafa gora.