Ta Saman Riga

Ƙanshin kunun kanwa ne ya tare ni tun daga bakin ƙofa, ranar da na taso daga Birmingham na je unguwar Gorton duba yayata. Ta haihu, ba ta yi arba'in ba. Ni kuma ina shekara ta biyu a karatun ungozoma.

A makaranta akwai wani nonon roba da aka ɓoye ƙulalai a cikinsa. Mukan yi layi mu lalubo su da yatsu uku, muna dariya. Na fi kowa saurin ganowa. Amma a cikin ƙawayena ban san wadda take duba nata na jiki ba, har da ni. Gani muke da sauranmu, ga aikin asibiti, ga kunyar da muka taso da ita. Kuma a idon ɗalibar ungozoma nono na shayarwa ne, duk abin da ya same shi ruwan nono muke fara zargi.

Bayan azahar Yaya ta kwantar da jaririn, ta tura ƙofa.

"Malama likita, zo ki taɓa min nan. Wani abu nake ji kamar gurjiya."

"Kai Yaya, ni da ko gamawa ban yi ba."

"To me ake koya muku a uni ɗin? Centre ɗin duba masu jego 'yan council sun rufe shi, wa zan tambaya?"

Ita ta goye ni ina ƙarama. Bakina ya kasa cewa ta cire riga. Na ɗora yatsu ta saman atamfa, idona a kan taga inda ruwan sama ke gangarowa a hankali, na yi maza na janye. Ban duba hammatarta ba, ban tambaye ta tun yaushe ba.

Na ce, "Nono ne ya toshe. Ki riƙa gasawa da ruwan ɗumi, ki yawaita ba shi ta nan."

Ta yi ajiyar zuciya, ta sa min albarka.

Sai da ta yaye yaron aka gano ciwon daji ne, ya riga ya bazu. Har ta rasu ba ta taɓa tayar min da maganar ba.

Bayan shekaru, mijinta, wanda bai san abin da ya gudana tsakaninmu ba, ya faɗa min cikin hira cewa a makon da na je ne ya kamata ta ga GP, likitan unguwarsu, bayan ta yi sati uku tana jira. Washegarin zuwana ta buga waya asibitin ta ce a ba wani lokacin da aka ba ta.