Jirgin Yawuri a Ruwan Dundaye

Ranar da zan je gaida mahaifin yarinyar da nake nema, kaina ba ya jikina. Tsohon manomin shinkafa ne a fadamar Dundaye, kuma bai ce ya ba ni ba tukuna. Ga gada lafiya lau, amma ina, sai na ce a jirgin ruwa zan iso, a gan ni.

Abokina ɗan Ƙofar Rini ya sayo jirgi daga Yawuri, mai tsinin ciki kamar ƙirjin zabo, ya sha fenti kore. Jiragen mutanen wurin kuwa gindinsu shimfiɗe yake kamar faifai, ruwa iya gwiwa ma ya ishe su. Muka yi ta yi musu dariya. Muka loda huhun goro da buhun gishiri, na haye cikin farar shadda, ina ta washe baki kamar gonar auduga.

Muna tsakiyar gulbi muka ji ƙurrr, jirgi ya kafe a yashi. Abokina ya dafa gorar tuƙi har jijiyar wuyansa ta fito, ko gezau. Wani mai jirgin faifai ya wuce ta gefenmu da akuya biyu, ya ce mana sannu da hutawa.

Can bakin gaɓa ga surukin nawa tsaye da ƙannensa. Wallahi na so ruwan ya yi zurfin da zai haɗiye ni.

Tsohon ya naɗe wando, ya tako har inda muke, ya leƙa gindin jirgin. Ya ce, "Yaro, wanga jirgi na babban ruwa na. Sai an rage mai nauyi shi tashi. Kai ko goron?"

Ban san sanda na dira ba, da takalmi da komai. Jirgi ya ɗago, ya yi gaba da goro ya bar ni. Laka ta riƙe ni, na zauna daɓas, dariya ta ƙwace mini a gaban suruki, na kasa tsayar da ita. Shi ma ya dara har hularsa ta karkace.

Ya miƙo hannu ya ɗaga ni, ya ce, "Tashi, ɗana. Ka turo magabatanka Jumma'a, amma su biyo ta gada."