Ranar da Auta Ya Faɗaɗa Fuskar Baba

Autanmu irin mutanen nan ne da zai shiga ɗakinka ya gaishe ka ya fita, in ka tambaye shi wa ya gani a ciki ya ce oho, amma zai faɗa maka ƙofarka ta ɗan karkace ta hagu. Tun yana yaro haka yake. Ni ce babbar yayarsa, ni na goye shi, don haka ina da bakin magana. Baba ya rasu Auta ko rarrafe bai fara ba. Ya tashi a tsakiyar mata, muna ta surutunmu, shi yana gefe yana kwance rediyon Umma.

Yanzu sana'arsa gyaran bidiyo. Yana da wani ɗan tsukukun shago a bayan mai gyaran waya, tebur da kwamfuta da fanka mai ƙara, sai talabijin a maƙale a bango. Abin da aka san shi da shi shi ne sa abin da babu a cikin bidiyo. Mai shago zai zo yana son talla alhali bai buga allon suna ba, sai Auta ya ɗora masa allon a saman ƙofa, ka rantse kafinta ne ya kafa shi. Wahalar aikin, in ji shi, kyamara ba ta zama wuri ɗaya. Mai ɗauka yana tafiya, hannunsa na rawa. Sai ya bi bango ya zaɓi 'yan alamomi, kan ƙusa, tsagewar fenti, kusurwar taga, ya sa kwamfuta ta riƙa bin su duk inda kyamara ta juya, sannan ya ɗaure hoton a jikinsu. In aiki ya yi kyau, hoton ba ya motsawa daga mazauninsa.

"Nawa ba ya zamewa, Yaya," haka yake ce min kullum, yana wani ɗaga kai. Ni kuwa in ce to Allah ya sa ka iya riƙe mata haka, tunda har yau ka ƙi aure.

Da aka yi bikin 'yata, jikar Umma ta fari, wani mai ɗaukar biki muka ɗauko, aka kawo wa Auta bidiyon ya gyara. Akwai wani wuri a ciki da amarya ta zauna kusa da Umma a falo, kyamara tana zagaya su a hankali, bangon da ke saman kansu fayau babu komai. Nan dabara ta zo masa. Ya ce zai rataye hoton Baba a bangon, shi ma a ce ya halarci bikin jikarsa.

Hoton Baba ɗaya ne tak a duniya, ɗan ƙarami, yana ƙasan akwatin Umma a naɗe cikin ɗankwali. Ba ta son a rataye shi, ba ta cika fito da shi ba. Sai da Auta ya yi ta lallashi kafin ta ba shi, tana ja masa kunne kada ya lanƙwasa.

Ya gama, aka tara dangi a falon Umma da la'asar don a kalli bidiyon a talabijin. Ina kicin ina zuba wa mutane abin sha, ina jin shewa da dariya. Can sai muryar Baffa, ƙanen Baba, wanda bai iya magana a hankali ba:

"Wannan kuma wane ne?"

Na shigo da tire a hannu. Innalillahi! Hoton dai yana bango daram, kyamara na yawo shi ko gezau. Amma mutumin da ke ciki wani ƙaton mai kumatu ne, hanci a baje, hula kamar an zauna a kanta. Babanmu kuwa siriri ne, mai doguwar fuska.

Auta ya ce, "Baba ne, Baffa."

"Baban wa? Ni dai ba yayana ba ne. Yayana bai taɓa ƙiba haka ba ko a mafarki."

Yara suka tuntsire da dariya, aka daka musu tsawa. Baffa ya juyo ya dube shi. "Ka kalla kafin ka kawo mana?"

Da ƙarya ya yi da ta fi masa sauƙi. Ya ce, "Na kalla."

"Ka kalla, ba ka ga ba ubanka ba ne?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige a madadinsa. Auta ya sunkuyar da kai, ya tsaya riƙe da rimot, ya rasa ma inda ake kashewa. Umma ta tashi ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Kowa ya ce shi ke nan, yaro ya ɓata wa uwarsa rai.

Daga ranar Auta ya ɗauke ƙafa daga gidan. Umma ma ta daina tambayarsa, in an ambaci bidiyon sai ta kawo wani zance. Da abin ya ishe ni na bi shi shagon, na je da niyyar in wanke shi tas, sai na tarar ya rame, na haɗiye faɗan.

Ya nuna min inda matsalar take. Kyamarar mai ɗaukar bikin tsohuwar yayi ce, tana matse hoto daga gefe da gefe, sai an sa a talabijin yake buɗewa ya koma daidai. Kwamfutarsa ba ta buɗe shi ba, shi kuma bai lura ba, tunda danginmu dama dogaye ne sirara. Ya ɗora Baba da faɗinsa na gaskiya a kan bidiyon da ke matse. Da talabijin ta buɗe komai, masu rai suka dawo siffarsu, Baba kaɗai ya baje. Ya nuna min agogon bangon falon Umma a allon kwamfutar. Agogon da na sani a kewaye, ga shi nan kamar ƙwai.

"Da na dubi agogon nan da na gane," ya ce. "Na gyara. Na buɗe bidiyon, na sake bin alamomin tun daga farko, na sake ɗora shi. Amma Yaya, ba wannan ne ke cina ba. Na kalle shi a talabijin ɗin nan kafin in kai. Kusurwoyi nake duba, ko sun zame. Na ga fuskar, ban ji komai ba. Ban san fuskar ubana ba."

Na ce to ai ka gyara, ka kai mata. Ya ce shi ya daina yarda da idonsa, sai Umma ta gani ta ce shi ne.

Da ƙyar na fito da ita, muka hau mota muka je. Ta zauna a kujerar Auta tana ta gyara mayafi, ba su haɗa ido ba. Ya mayar da hoton yadda ya fito a ranar, ya ce zai riƙa matse shi sannu a hankali, in ya kai Baba ta ce ya tsaya.

Fuskar ta fara tsukewa. Kumatun suka faɗa, hancin ya miƙe. Na ga Babana ya fito sak, na buɗe baki zan yi magana, sai na ga Umma ba ta tsayar da shi ba. Auta ya ci gaba har ya wuce.

"Tsaya," ta ce. "A'a, koma baya. Ƙara kaɗan." Ta matso da fuskarta dab da allon. "Koma."

Ya koma. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

"Ban sani ba," ta ce. "Ku kuna cewa fushi na yi. Ranar nan da hoton ya fito a bango, daɗi na ji, har ina sa maka albarka a zuciyata. Na ce ga shi nan ya zo. Sai da Baffanku ya yi magana na san ba shi ba ne. Mutumin da na haifa wa 'ya'ya."

Auta ya mayar da hoton inda ya san daidai ne, ya durƙusa a gefen kujerar.

"Ga shi nan, Umma. Wannan ne."

Ta leƙo ta gefen mayafin ta duba, ta gyaɗa kai. Sannan ta kama hannunsa ta ce a hankali, "Don Allah kada Baffanku ya ji."

"Ba zai ji ba," in ji Auta. "Ni na ɓata hoton. A bar shi a haka."