Cikakken Kofi a Gubaira

Mun tashi da asuba daga Madina, ni da wani ɗalibi ɗan garinmu da ya yarda ya yi mini tafinta. Riyad muka nufa, neman dangin kakana. Baba yana goye kakan ya dawo daga yaƙin Bama, ya ce zai je hajji, shi ke nan ba a ƙara ganinsa ba. Yanzu Baba ya tsufa, ido ya tafi, burinsa kawai ya ji muryar jinin ubansa kafin ta Allah ta kasance.

Na sha ƙurar tsofaffin takardu kafin wannan tafiya. A ƙidayar haraji ta zamanin Turawa na tsinci cikakken sunan kakan. A takardar sallamarsa daga soja kuwa har zanen fuskarsa an rubuta, uku-uku a kowane kunci. Da sunan ne wani alhaji ya gane gidan 'ya'yansa a unguwar Gubaira.

Hanya kam sumul, ba rami, ba mai tare ka yana miƙo hannu, sai rairayi da raƙuma har ido ya gaji. Mun tsaya mun ci kabsa, shinkafarsu da kaza. Da na juya kuɗin zuwa naira sai da kazar ta tsaya mini a wuya.

Gubaira ba Riyad ɗin hoto ba ce, gareji ne da ƙananan shaguna. Dattijon da ya buɗe mana ƙofa, wallahi Baba ne sak, har karkacewar kafaɗa. A bangon falo ga hoton wani tsoho mai zane uku-uku. Na miƙa masa takardun, ko taɓa su bai yi ba.

"Mahaifinmu haifaffen Makka ne," in ji shi da Larabci. "Ba mu da kowa a Afirka."

Ɗansa ya zuba mini gahawa, ya cika ɗan kofin taf. Na ce a raina ko ba komai an karrama ni. Na roƙi dattijon ya gaisa da Baba ta waya, ko da sallama ce. Sai ya duba agogo.

A titi abokin tafiyata ya ce, "Yaya, a nan kaɗan ake zuba wa baƙon da ake so ya zauna. In an cika maka, ana nufin sha ka tashi." Ya ce wataƙila tsoro suke ji kada a tono asalinsu. Ko ma mene ne, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. An ce zumunta a ƙafa take. To, na kai ƙafar, na kuma koyi cewa takarda ƙofar gida kawai take nuna maka.

Da na iso gida Baba ya laluba ya riƙe hannuna. "Sun karɓe ka?"

"Sun cika mini kofi taf, Baba."

"Alhamdulillahi! Ai ɗan halak ba ya ƙin nasa. Ka ba su lambata ko?"

Tun daga ranar, wayarsa ba ta barin aljihun gaban rigarsa, ko masallaci za a kai shi.